Wai Wutar Batir Ba Ta Jan Mutum?

Tambaya: Injiniya, injin tsohuwar motata ya buga, na yanke shawarar mayar da ita mai amfani da lantarki a gida. Na samo injin lantarki da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda injin ke aiki da ita) da batiran wata Nissan Leaf da ta yi hatsari. Bakaniken da zai taya ni ya ce in kwantar da hankali, wutar batir ba ta jan mutum, muddin mukulli a kashe yake. Amma garejina manne yake da ɗakin yara, kuma tun da kayan nan suka iso barcina ya ragu. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Malam, tsoron nan naka a kan hanya yake, kada kowa ya kore maka shi. Aikin yana yiwuwa, mutane da dama sun yi shi a gidajensu. Amma da wannan bakaniken, a'a.

Maganar da ya faɗa maka na gaji da jin ta. Tushenta batirin mota mai volt 12: mutum ya shekara ashirin yana dafa kawunansa da hannu ba abin da ya same shi, sai ya ɗauka kowane batir haka yake. Volt 12 ne ba ya iya ratsa busasshiyar fata, ba wai wutar batir ce mai tausayi ba. A ƙa'idar masu ƙera motocin lantarki, duk abin da ya haura volt 60 a wutar batir haɗari ne, shi ya sa suke sa masa waya mai launin ruwan lemo. Batirin Leaf kuwa an jera ƙwayoyinsa hawa 96, jimilla kusan volt 360. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba tana iya hargitsa bugun zuciya, shi ko wannan batir ɗaruruwan amfiya yake bayarwa.

Batun mukulli ya fi ɓata mini rai. Batir ba shi da makashi. Mukulli yana raba shi da sauran motar ne kawai, cikinsa kuwa wuta na nan dare da rana. Ko bayan an raba, kafasitocin da ke cikin inbata, wato ma'ajiyan wuta na ɗan lokaci, suna riƙe da caji na wasu mintuna. Shi ya sa ake zare filogin da ke tsinka batirin gida biyu, a jira minti goma, a gwada mita a wurin da aka san akwai wuta, sannan a auna inda za a taɓa. Da safar hannu ta roba mai lambar volt 1000, da sifana mai rufi, ba zobe, ba agogo, kuma da wani a tsaye kusa wanda ya san inda zai katse. Na taɓa ganin sifana ta suɓuce ta faɗa tsakanin kawuna biyu na ɓangaren batir guda kacal. Haske ya ɗauke mana ido, da muka duba bakinta ya narke, tartsatsin ya huda rigar mai ita.

Sai masu cewa a sa fis ko makashin wutar gida, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wutar gida tana kai da komo, tana sauka zuwa sifili sau 100 ko 120 a daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa. Ta batir miƙe take, idan ta kama tsalle tsakanin ƙarfe biyu sai ta ci gaba da ci. Fis ɗinta daban ne, kuma a rubuce yake a jikinsa. Haka masu cire na'urar BMS, mai sa ido kan ƙwayoyin batir, don wai tana yawan katse musu wuta. Tana katsewa ne don ta ga wata ƙwaya ta cika fiye da kima ko ta ɗauki zafi. Batirin litiyam in ya kama, ƙwaya ce ke kunna ta kusa da ita, hayaƙinsa guba ne, kuma yana iya sake tashi bayan an zaci ya mutu. Naka daga motar hatsari ya fito, don haka duk ɓangaren da ya lotse ko ya kumbura, ka fitar da shi daga lissafi.

Sauran aikin ka sani: birki zai rasa iskar da injin fetur ke zuƙo masa, sai da famfo na musamman, sitiyari ma haka in na mai ne, batirin ya kusa kilo 300, dole a duba ko motar za ta ɗauka, sannan hukumar rajista da kamfanin inshora su san an canja injin.

Amma kafin komai, yau ɗin nan, ka kwashe batiran daga jikin bangon yaran. Ka kai su busasshen wuri nesa da inda ake kwana, ka rufe kawunansu, ka kulle. Kada ka yi musu caji ko sau ɗaya sai wanda ya koyi aikin motar lantarki ya auna kowane ɓangare a gabanka.