Ga ɗiyata, kan shukar da ke falonki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce kin ajiye fulawar nan mai yaɗo a falo, mai ganye kamar zanen zuciya da ratsin rawaya, sai surukarki ta ce a al'adarmu ba a kwana da shuka a ɗaki, ƙawarki kuma ta ce ai kuɗi take janyowa gida. Kina so ki ji ta bakina.

Zancen ƙawarki ki ajiye shi gefe. A Indiya ake kiranta shukar kuɗi, camfin nasu ne. Ita kanta asalinta wani tsibiri ne a tekun Fasifik, Moorea, inda take hawa bishiyoyi a inuwar kurmi. Arziki kuwa na Allah ne.

Maganar surukarki Hajiya ce ke da tushe, kuma ina so ki fahimce ta kafin ki ce komai. Mu da shuka mai yaɗo muka tashi. Duma a kan danga, soso ya kama zana, kabewa ta lulluɓe rumfa har ba ka ganin kara. Amma duk a tsakar gida ne ko bayan ɗaki. Ɗakunanmu na ƙasa ne, danshi yana cin gindin bango. Inda ganye ya yi duhu nan maciji da kunama ke laɓewa, inda ruwa ya kwanta nan sauro ke hayayyafa. Ga kuma tsoron iskoki da ake yi wa tsamiya da kuka, wanda ya shafi duk wani ganye a idon wasu. Hani ne na kiyaye lafiya, ba na addini ba. In kuma ana tsoron shuka ta shanye iskar ɗaki ne, iskar da shuka ɗaya ke sha da dare ba ta kai ta mutum ɗaya da ke barci kusa da ke ba.

To, ki kawar da abin da iyayenmu ke gudu. Tukunyar ta zama mai huda a ƙasa, ƙasar ki gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada ki ba ta ruwa sai kin tsoma yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Tawa ta farko yawan ruwa ne ya kashe ta, ganyen ya yi rawaya, saiwar ta ruɓe, na ji zafin abin ƙwarai. Ruwan da ya tsiyaye a faranti ki zubar nan take. Ki ajiye ta kusa da taga inda haske ke shigowa, ba inda rana ke dukanta ba, don tana ƙona ganyen. In duhu ya yi yawa kuma ratsin nan ya ɓace. Da hunturu ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Abu ɗaya kada ki yi wasa da shi: ruwan jikinta yana ƙona baki da maƙogwaro. Yaronki ya fara rarrafe, ki rataye ta sama, ki naɗe reshen a ƙusa, inda shi da kyanwa ba za su kai ba.

Hajiya kuma kada ki ja da ita. Ki bar shukar a falo, ban da ɗakin kwana. In ta zo, ki nuna mata hudar tukunyar da busasshen farantin. In kin ga ranta ya kwanta, ki yanko reshe ƙasa da gaɓa, ki sa a kwalbar ruwa kina canzawa duk mako. Cikin mako 2 zuwa 3 zai fid da saiwa, sai ki dasa ki kai mata ta ajiye a baranda.

Ki gaishe min da maigidan.