Muryar Malam kan waƙoƙin ƙasar Ailan da yadda ake karanta su a gaban jama'a

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare, ya gajiyar aiki. Malama na ga tambayarki tun la'asar, wadda kika ce yaran kulob ɗin adabi na makarantarku za su yi ranar karanta waƙoƙin ƙasashen duniya a gaban iyaye, ke kuma an ba ki ɓangaren ƙasar Ailan, kina neman waɗanda mutanen can suka fi so da kuma yadda yaro zai tsaya ya karanta su. Toh in na ce zan rubuta abin zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari kawai in danna murya, wanda bai da data ya yi haƙuri.

Kafin komai dai Malama, abin da nake so ki riƙe shi ne waƙoƙin nan don kunne aka yi su. Ai kamar dai yadda mu nan ba wanda ke ɗaukar rubutacciyar waƙa ya bi ta da ido shiru, rera ta ake yi, to su ma haka suke kallon tasu, kuma abin ya daɗe a wajensu. Tun kafin Turanci ya mamaye ƙasar suna da harshensu na Gelik, suna da mawaƙan fada da ake kai su makaranta shekara da shekaru suna koyon awo da tarihin gidajen sarauta, a cikin ɗaki mai duhu ma ake sa su su kwanta su tsara waƙa a ka, ba takarda ba alƙalami, kuma sarakuna na tsoron zambonsu sosai. Saboda haka in yaro ya tsaya ya sunkuyar da kai cikin takarda yana gunguni, wallahi ya kashe waƙar, ko da kuwa ta babban mawaƙinsu Yeats ce.

Yawwa, bari in fara da wadda ni zan ce ki ba yarinyar da ta fi natsuwa a cikinsu. A 2015 gidan rediyo da talabijin na ƙasar, RTÉ, ya sa mutane suka zaɓi waƙar da suka fi ƙauna cikin na shekara ɗari da suka wuce, aka tace zuwa goma, wadda ta ci ita ce ta Seamus Heaney, When all the others were away at Mass. Layi goma sha huɗu ce kawai fa. Ƙasa ce da ta yi yaƙin neman 'yanci, ta yi yaƙin basasa, ta yi rikicin Arewacin Ailan na shekara kusan talatin, duk suna da waƙoƙi masu zafi a kan waɗannan, amma da aka ce su zaɓa sai suka zaɓi waƙar feren dankali. Abin da ke ciki shi ne yana yaro, kowa na gidan ya tafi coci ranar Lahadi, an bar shi daga shi sai mahaifiyarsa suna fere dankalin turawa, ba mai magana, sai dai ƙarar dankalin in an jefa shi cikin bokitin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Sai waƙar ta tsallaka zuwa ranar da take kan gargarar mutuwa, limamin coci yana ta addu'a da ƙarfi a gefen gado, wasu na amsawa wasu na kuka, shi kuma abin da ya faɗo masa a rai kawai shi ne kanta a sunkuye kusa da nasa da wuƙaƙensu suna aiki tare, ya ce duk rayuwarsu ba su taɓa kusantar juna kamar wannan lokacin ba. Mahaifiyar ta rasu a 1984, waƙar ta fito a 1987 cikin jerin da ya kira Clearances. Ina gaya miki in yarinya ta karanta wannan a hankali, iyayen da ma ba su jin Turanci sosai za su gane, muddin an ba su labarin da Hausa a jimla biyu kafin a fara.

Shi Heaney ɗin ɗan manoma ne daga yankin Derry a Arewacin Ailan, an haife shi a 1939, ya samu kyautar Nobel a 1995, ya rasu a 2013. Kuma dalilin da ya sa nake fifita shi a kan Yeats ga yara shi ne kalmominsa na abubuwa ne da hannu ke taɓawa, bokiti, wuƙa, shebur, laka. Akwai Digging, wadda ta buɗe littafinsa na 1966, yana zaune da alƙalami ta taga yana jin mahaifinsa na haƙa a ƙasa, ya tuna kakansa wajen yankan ƙasar da suke busarwa su yi makamashi da ita, ya ƙare da cewa shi ba shi da shebur, da alƙalami zai yi nasa haƙan. Wannan namiji mai kaurin murya za ki ba, domin sautin shebur ɗin yana cikin kalmomin, in an karanta da baki za a ji shi yana shiga tsakuwa, da ido kuwa sam ba a ji. Sai Mid-Term Break, ita kam ki yi tunani kafin ki saka ta. A kan ƙaninsa ce da mota ta buge a 1953, aka ɗauko shi daga makarantar kwana, ya tarar da mahaifinsa na kuka a ƙofa, dattawa na miƙewa suna ba shi hannu, layin ƙarshe kuma shi kaɗai yake tsaye, tsawon akwatin gawar ƙafa huɗu, kowace shekara ƙafa ɗaya. In akwai wanda aka yi wa rashi kwanan nan cikin iyayen ki bar ta kawai.

Toh Yeats kuma, ba yadda za a yi taron Ailan babu shi. William Butler Yeats, 1865 zuwa 1939, shi ne ɗan ƙasar na farko da ya ci Nobel ta adabi a 1923. Mu nan da yawa mun san shi ba tare da mun sani ba, domin sunan littafin Achebe na 1958, Things Fall Apart, daga waƙarsa The Second Coming aka ɗauko shi, wadda ya rubuta a 1919 bayan yaƙin duniya na ɗaya. Waƙa ce babba amma ni ban ba ki shawarar ta ba, masu rubutun jarida sun tsotse ta, duk abin da ya lalace sai a jawo ta, kuma yaro ɗan aji huɗu zai yi ta haɗiye kalmomin ne bai san me suke nufi ba. Ki ɗauki The Lake Isle of Innisfree. Layi goma sha biyu, baiti uku. Ya rubuta ta yana saurayi a Landan, kewar gida ta kama shi, yana tafiya a titi ya ji ƙarar ruwa na wani ɗan famfon ado a tagar shago, sai ya tuna tafkin Lough Gill a Sligo inda ya yi yarinta a gidan kakanninsa, ya ce zai tashi ya tafi wani ɗan tsibiri a ciki ya gina bukka, ya shuka kunya tara ta wake, ya ajiye amyar zuma. Bai je ya gina ba fa, a titin yake tsaye har waƙar ta ƙare. Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani ya san wannan ciwon.

Kuma Malama don Allah kafin ki koya wa kowa ita, ki shiga YouTube ki nemi muryar shi kansa Yeats yana karanta ta, BBC ta ɗauka a shekarun 1930, tana nan. Farko za ki yi dariya, domin ja yake yi, muryar na rawa, rabi magana rabi rerawa. Amma kafin ya fara sai da ya yi bayani cewa zai danna awon sosai, kuma ya san abin zai zama baƙo ga wasu, ya ce wahala ya sha kafin ya shigar da maganar cikin awo saboda haka ba zai karanta ta kamar zube ba. Ni ina bayansa a nan ɗari bisa ɗari. Ban ce yaro ya kwaikwayi muryarsa ba, a'a, amma ya ji inda bugun yake. Daga nan ki saurari Heaney shi ma, nasa rikodin ɗin suna da yawa, za ki ji shi salon hira yake yi, a hankali, kamar yana gaya wa mutum ɗaya. Hanya biyu ke nan, duk daidai ne, abin da ba daidai ba shi ne gudu.

In kina da yaro mai son tarihi akwai Easter, 1916, kan boren da aka yi wa Ingila a Dablin a watan Afrilun 1916, aka murƙushe shi cikin mako guda aka harbe shugabannin, kuma uku daga cikinsu, Pearse da MacDonagh da Plunkett, su kansu mawaƙa ne. Abin da ke burge ni a ciki, ɗaya daga waɗanda aka kashe ɗin, John MacBride, shi ne ya auri Maud Gonne, matar da Yeats ya yi ta nema tana ƙin sa, kuma a cikin waƙar bai ɓoye ba ya ce da yana ɗaukarsa mashayi ne mai fankama, amma duk da haka ya sa sunansa a jerin. Wajen kiran sunayen nan a ƙarshe dole mai karatu ya tsaya bayan kowane suna. Tana da tsawo dai, layi tamanin, sai mai haddar kirki.

Ga Patrick Kavanagh ma, manomi daga Monaghan, ya rasu a 1967. Af, 'yan Kano da ke gidan nan, sistocin da suka zo suka kafa makarantar St Louis a 1948 daga Monaghan ɗin nan suka taso, ƙasar ba ta yi mana nisa yadda muke zato ba. Waƙarsa On Raglan Road ta soyayya ce da ba ta kai ga aure ba, an buga ta a 1946, amma sai da Luke Kelly na ƙungiyar The Dubliners ya rera ta da wani tsohon karin gargajiya sannan ta shiga bakin kowa, yau da yawansu ma sun fi saninta a matsayin waƙar baka. A taron makaranta da iyaye a zaune, wannan ke kika san mutanenki.

Kada kuma a cika da maza zalla. Eavan Boland, ta rasu a 2020, tana da Quarantine, ita ma tana cikin goman nan na RTÉ. Kan babbar yunwar da ta fara a 1845 ce lokacin da cuta ta cinye dankali, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu wasu kamar haka suka bar ƙasar. Miji da mata ne a hunturun 1847 suka baro gidan gajiyayyu da ƙafa, zazzaɓi ya hana ta tafiya ya goya ta, da safe aka tsince su a mace, ƙafafunta na manne a ƙirjinsa yana ɗumama su. Wannan ba a sa mata kuka a murya, a bushe ake karanta ta, ita kanta a bushe aka rubuta ta. Akwai ma tsohuwa da harshen Gelik, makokin da Eibhlín Dubh ta yi wa mijinta Art O'Leary da aka harbe a 1773 a yankin Cork, rigimar ta haɗa da doki, domin dokar lokacin ta ba ɗan Furotesta damar tilasta wa ɗan Katolika ya sayar masa da dokinsa a kan fam biyar, shi kuma ya ƙi. A baki mata suka riƙe wannan waƙar shekaru masu yawa kafin a rubuta ta, akwai fassararta da Turanci kala-kala in kina son gutsure kaɗan.

Batun karatun kansa, su can har gasa suke yi wa 'yan sakandare, Poetry Aloud, ɗakin karatu na ƙasa ne da Poetry Ireland ke shiryawa, kuma da ka ake yi ba a riƙe takarda. To ke ma ki sa su haddace, yaron da ya haddace idonsa na kan mutane. Biden ma ya sha faɗa cewa da Yeats ya yi ta yaƙi da in'inarsa yana yaro a gaban madubi, saboda haka mai in'ina a ajinki kada ki cire shi, ki ba shi Innisfree. Babban kuskuren yaranmu shi ne tsayawa a ƙarshen kowane layi ko da jimlar ba ta ƙare ba, musamman a Heaney da jimla kan zubo daga wannan layi zuwa na ƙasa, ki sa su bi waƙafi da aya, ƙarshen layi kuwa ɗan jinkiri kaɗan ya isa. Ki hana su wasan hannu irin na muhawara, kar ki ga ana maganar tafki yaro na zana tafki a iska. Kar su ƙaƙalo harshen Bature, su yi da Turancin bakinsu amma su fitar da baƙaƙen ƙarshen kalma, nan ne amsa-amon yake ɓacewa. Kuma in an kai layin ƙarshe a tsaya cak, a ƙirga uku a zuci kafin a ce na gode, kar a haɗa su a numfashi ɗaya.

Sai sunaye, ki gyara musu tun yanzu kar a ji kunya a lasifika. Seamus Shemas ake cewa, Heaney Hini, Yeats kuma Yets ne ba Yits ba, Eavan Ivan da jan i ɗin farko kaɗan, Lough kuma kamar Lok amma da ɗan kakin maƙogwaro. In da ni ne uku zan ɗauka, ta dankalin da Innisfree da Quarantine, duka ba za su wuce minti shida ba har da bayanin Hausa. Ki fara gwajin a fili ba a aji ba, ki tsaya can baya ki ji ko murya na isowa. Sai da safenku.