Shawarar Lauya: An Yi Wa Kamfaninmu Kuɗi, Ni Kuma Ban Gamsu Da Farashin Ba

Wani mai karatu daga Agege ya rubuto cewa yana da kashi 20 cikin ɗari na hannun jarin wani kamfanin jigilar kaya a Apapa, abokinsa kuma yana riƙe da kashi 80. Yanzu wani babban kamfani na son haɗe su da nasa, an yi wa nasu kuɗi naira miliyan 600, alhali a lissafinsa tireloli goma sha biyu da garejin kaɗai sun haura biliyan ɗaya. Yana tambaya ko zai iya hana cinikin, ko a ware masa kasonsa na motocin ya kama gabansa.

Alhaji, ban ga takardunku ba, saboda haka abin da zan faɗa na iya sauyawa idan na karanta su. Amma akwai kuskuren da ya kamata a gyara tun farko: ba ka da kashi 20 na motocin nan. A dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, kamfanin da aka yi wa rajista a hukumar CAC tamkar mutum ne mai zaman kansa, shi ke da motocin, shi ke da garejin, shi kuma ake bi bashi. Abin da ka mallaka hannun jari ne, kuma hannun jari ba ya ba ka damar ka shiga gareji ka nuna tirela biyu ka ce naka ne.

Batun farashin kuma, mai yiwuwa kana da gaskiya, mai yiwuwa ba ka da ita. Masu ƙiyasin darajar kamfani sukan bi hanya fiye da ɗaya: ko su tara kadarori su cire basussuka, ko su kirdado kuɗin da kamfanin zai riƙa samarwa a shekaru masu zuwa su mayar da shi ƙimarsa ta yau, ko su gwada shi da farashin da aka sayar da makamantansa. Kai ka ɗauki rabin hanyar farko, ka tara ba ka cire ba. Idan akwai bashin banki a kan motocin, ko harajin da ya taru, duk daga cikin biliyan ɗin nan za a zare su. Sannan tun faɗuwar darajar naira a 2023 mutane da yawa na yi wa tsohuwar mota kuɗin sabuwa, alhali mai saye yana duba shekarunta ne da abin da take ci a wurin makaniki. Shi kansa garejin, sai an tabbatar da sunan kamfani ne a takardarsa, don na sha ganin filin da kowa ke kira na kamfani ashe haya ce.

Hana cinikin ba abu ne mai sauƙi ba. Idan abokinka da mai saye suka bi ta sashe na 711 na dokar, wanda ya shafi haɗe kamfanoni, ana bukatar amincewar masu kashi uku cikin huɗu na darajar hannun jarin waɗanda suka halarci taro suka kaɗa ƙuri'a, sannan Babbar Kotun Tarayya ta tabbatar, kuma abokinka shi kaɗai ya cika wannan adadi. Idan kuwa tayin sayen hannun jari ne kai tsaye, mai saye ba zai iya tilasta maka sayarwa ta sashe na 712 ba sai ya samu kashi 90, wanda ba zai samu ba sai da kai. A nan ƙarfinka yake, sai dai in kun sa hannu a wata yarjejeniya da ta ce dole ƙarami ya bi babba idan aka zo sayarwa. Sanar da FCCPC, hukumar kula da gasar kasuwa da kare masu saye, kuwa aikin lauyoyin kamfanonin ne in girman cinikin ya kai mizanin da doka ta sa, kuma ita gasar kasuwa take dubawa, ba adalcin kasonka ba.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne yadda ka ce adadi kawai aka turo maka ta WhatsApp. Wanda ke son abokin kasuwancinsa ya sa hannu a cinikin miliyoyi bai kamata ya tsaya sai an roƙe shi rahoto ba. Ka nemi cikakken rahoton ƙiyasin a rubuce, da bayanan kuɗi na shekaru uku da mai binciken asusu ya sa wa hannu, ka kuma tambayi wanda ya ɗauko mai ƙiyasin. Ka tambaya ko an yi wa abokinka alkawarin kujerar darakta ko wani biya a gefe, domin ta wannan ƙofa ake rage farashin da za a raba.

Doka ta ba ka damar kai koke cewa ana tafiyar da kamfani ta hanyar da ke danne ka, kuma kotu na iya umartar a sayi hannun jarinka. Sai dai shari'a a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi na iya cin shekaru, mai saye ya janye, ku zauna da motoci suna tsufa. Shawarata ita ce ku amince da akanta guda mai lasisi wanda ba na kowa ba ya sake ƙiyasin, ku raba kuɗin aikinsa. In hakan ya gagara, ku je cibiyar sasanci ta Lagos Multi-Door Courthouse, wadda ke wannan aiki tun 2002. Kafin nan kada ka sa hannu a fom ɗin miƙa hannun jari ko takardar ƙudurin taro, sai lauyanka ya karanta ƙa'idojin kamfanin da kuka ajiye a CAC.