Kwalejin gona a ƙaramin gari: a tafi, ko a jira jami'a?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako, dukansu a kan karatun aikin gona suke. Ta farko ita ta fi tsaya mini a rai, don haka a kanta zan daɗe.

Wani matashi daga Mabera ya rubuto: "Malam, shekara biyu ke nan ina rubuta JAMB ina neman jami'ar Ɗanfodiyo, ban samu ba. Baba ya ce in tafi kwalejin gona ta Wurno in yi difloma. Abokaina na ta yi mini dariya, wai ɗan birni zai koma ƙauye ya ɗauki kalme. In tafi, ko in ƙara jiran shekara guda?"

Ɗana, shawarata ita ce ka tafi, amma sai ka fara zuwa ka gani da idonka. Batun dariyar abokai kuwa, ka ajiye shi gefe. Ba su ne za su zauna maka shekara ta uku a gida kana jiran sunanka ya fito ba. Kuma garin da suke kira ƙauye, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mai da shi ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake.

Mu lissafa shekaru. Digirin aikin gona a jami'a shekara 5 ne. A kwaleji za ka yi ƙaramar difloma, wato ND, cikin shekara 2, ka fita ka yi shekara guda ta koyon aiki, sannan in ka so ka koma ka yi babbar difloma, HND, wata shekara 2. Ka ga shekara 5 ke nan ita ma, kuma mai HND da ya yi karatun cikakken lokaci yana zuwa bautar ƙasa kamar mai digiri. In kuma zuciyarka na kan jami'a har yanzu, ƙofa ba ta rufe ba: wanda ya fita ND da sakamako mai kyau yana iya neman shiga kai tsaye ta hannun JAMB, ya fara daga aji biyu. Ba zan ɓoye maka ba, a wasu ma'aikatu har gobe ana fifita digiri a kan HND wajen ɗauka da ƙarin girma. In aikin ofis kawai kake hange, ka sa wannan a ma'auni.

Abin da ƙaramin gari ya fi birni shi ne gona tana bakin ƙofa. Wurno na cikin kwarin Rima, ruwan madatsar Goronyo na gangarowa ta nan, kuma da rani fadamar cike take da albasa da tafarnuwa da shinkafa. Abin da malami ya rubuta a allo da safe, da la'asar za ka same shi a fangalin wani dattijo. Ɗauki albasa kaɗai. A aji za a gaya maka cewa takin yuriya kashi 46 cikin ɗari nitirojin ne, kuma in ka ci gaba da zuba shi bayan albasa ta fara kai, za ta yi girma ta yi ƙaton wuya, ta ruɓe a rumbu tun kafin farashi ya tashi. A fadama kuwa za ka ga manomi ya matsa wuyan albasa da yatsa biyu, ya ga ganye ya fara kwanciya, ya yanke ruwa, ya bar ta ta sha iska kafin a cire. Shi ya san yadda ake yi, kai za ka zo da sanin dalili. Duk wanda ya taɓa ganin yadda buhun albasa ke faɗuwa warwas lokacin cira, ya kuma yi tsada da damina, ya san kuɗin na wurin wanda ya iya ajiya.

Yanzu ga sharaɗin. Kafin Baba ya biya ko kwabo, ku tabbatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta amince da ainihin kwas ɗin da za ka karanta. Kwas-kwas ake ba da amincewar, makaranta ɗaya na iya samun ta a wani fanni ta rasa a wani. Ku kuma tabbatar gurbin ya bi ta JAMB, domin wanda aka ɗauka ta bayan gida shi ne ke shan wahala ranar da ya zo neman HND ko bautar ƙasa. Wannan ƙa'ida ce ga kowace kwaleji, ta jiha ko ta tarayya.

Sannan ka shirya ka je ranar karatu, gani ya kori ji. Kada ka tsaya a ofishin rajista. Ka ce a nuna maka gonar gwaji da garken dabbobi, ka tambayi 'yan aji biyu sau nawa suka shiga gona a zangon da ya wuce, da kuma inda suke ɗibar ruwa a watan Afrilu. Na taɓa ziyartar wata kwaleji a wata jiha, na tarar da tarakta tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ɗalibai kuma na koyon tuƙa ta a littafi. Na dawo raina a ɓace, domin 'ya'yan talakawa ne aka karɓi kuɗin iyayensu. In ka tarar da irin wannan a ko'ina, ka nemi wata. Ka kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki. Kowa ya san matsalar tsaro ta taɓa gabashin jihar nan ta Sakkwato, don haka tafiyar rana za ka riƙa yi, ban da ta dare.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Gidan Igwai: "Ɗana ya samu gurbi a kwalejin gona. Ya matsa sai na saya mishi kwamfutar cinya, ni kuwa adashe ɗaya na ɗauka. Mi ya kamata in fara saye?"

Hajiya, kwamfuta ta jira tukuna. A shekarar farko waya mai ƙarfin batir ta ishe shi karanta darussa da cike takardun makaranta. Kwamfuta sai ya zo rubuta aikin kammalawa, kuma a lokacin ma ta hannu mai lafiya ta wadatar. Ki fara da takalmin roba mai tsawo, ki sa ya gwada da safa a ƙafa, domin wanda ya matse ba ya sawuwa cikin zafinmu. Sai malafa, da gidan sauro mai magani tunda kusa da fadama zai kwana, da fitila mai aiki da hasken rana wadda ke cajin waya, da jarka biyu na ruwa. Ki haɗa masa gero da shinkafa da wake da ƙuli-ƙuli daga gida.

In wani abu ya rage daga adashen, ni da za ki ji tawa, ki saya masa jar akuya budurwa ki ajiye a gida da sunansa. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta, ga yawan haihuwar tagwaye, cikinta kuma wata 5 ne. Duk hutun da ya dawo, abin da ya koya na rigakafi da maganin tsutsa da haɗa abinci, a kanta zai gwada. Kafin ya gama difloma, in Allah ya sa albarka, kuɗin kwamfutar na iya fitowa daga 'ya'yanta.

Ta ƙarshe wata ɗaliba ce daga Tambuwal: "Malam, ina son in karanta lafiyar dabbobi a kwaleji. In na gama na zama likitar dabbobi ke nan?"

'Yata, a'a. Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi digirin shekara 6 a jami'a, irin wanda ake yi a Ɗanfodiyo, aka kuma yi masa rajista. Mai difloma jami'in lafiyar dabbobi ne, yana rigakafi, yana duba garke, yana aiki ƙarƙashin likita. Amma ina roƙonki kada wannan ya sanyaya miki gwiwa. Yawancin awaki da tumaki da kajin da ke cikin gidajenmu na mata ne, kuma gidaje da yawa namiji baƙo ba ya shiga. Ke za ki yi sallama ki wuce har turke, ki duba bakin akuya da idonta, ki yi wa mai ita bayani a natse. Ki dage da darussan kimiyya tun yanzu, musamman ilimin halittu da na sinadarai, domin ana duba sakamakonsu, tare da na lissafi, kafin a ba ki gurbin.