Rana ba ta kama wata ba, inuwarmu ce

'Yata, saƙonki ya iso, na bari sai da na yi la'asar na natsu. Kin ce Abba ya dawo daga gidan kakarsa yana cewa rana ce ke kama wata, sai an buga gwangwani take sakinsa, malaminsu kuma ya ce inuwa ce. Kina tambaya wanne za ki tsayar masa, kuma ko al'adar tamu abin kunya ce.

Mu ma mun buga. Muna yara a cikin birni, da an ce wata ya yi zazzaɓi kowa zai rarumi abin da ya samu, tsohon kwano, murfin tukunya, mu bi lungu-lungu daga Babban Dodo har wajen Ƙofar Doka muna roƙon rana ta sake shi, manya kuma suna ta salla da istigfari. Ban taɓa jin kunyar wannan ba, shi ya fara ɗaga mana kai sama. Amma kada ki bar yaron a kan cewa rana ce ta kama shi, domin tun kafin boko aka gyara mana tunani a kan kusufi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta kisfe, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla da addu'a.

Ga yadda nake yi wa jikokina. Bayan isha'i ki kashe wuta, ki ɗora tocila a kan kujera, ita ce rana. Kan Abba shi ne duniya. Ki soka lemo a tsinke ki ba shi, ya miƙa hannu. In ya fuskanci tocilar, gefen lemon da ke kallonsa duhu ne, wato ƙarshen wata. Ya juya hagu a hankali, zai ga siririn haske ya fito a gefe kamar farce, jinjirin wata ke nan, sai rabi. In ya ba tocilar baya ya ɗaga lemon sama da kansa kaɗan, ga shi ya cika, daren sha huɗu. To, ya sauke shi daidai fuskarsa. Inuwar kansa za ta rufe lemon. Ki yi shiru, ki bar shi ya faɗa da bakinsa. Daga nan zai gane wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana, kuma zazzaɓinsa ba ya zuwa sai a tsakiyar wata. Hanyarsa a ɗan karkace take, shi ya sa yawanci yake wucewa sama ko ƙasa da inuwar. A daren 27 ga Yulin 2018 ya shige ta sosai, ya yi jawur fiye da awa ɗaya da rabi, a tsakar gidan nan muka kalla.

In ya ce wata na bin sa a hanyar Samaru, nisa ne, kusan kilomita 384,000. Ki nuna masa Dutsen Kufena daga mota: bishiyoyi na wucewa, dutsen kamar yana tafe da ku.

Abin da ya fi damuna, yaran yanzu a waya suke jin Sarkin Musulmi ya ce an ga wata, ba su san inda ake dubansa ba. Ki fita da shi bayan magariba ya duba yamma. Ki ba shi littafi ya riƙa zana watan kullum. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, don haka watanmu yake 29 ko 30, shekara kwana 354, kusan kwana 11 ƙasa da ta Bature. Shi ne dalilin da na yi azumi a zafi, na yi a damina, na yi cikin hunturu.

Zancen Zara matar wata da tatsuniyar farin wata kuwa, ki bar wa kakarsa, kada ki ƙaryata ta a gabansa. Ki kawo min su daren sha huɗu, ki taho da lemo biyu, don ƙanwarsa sai ta ce ita ma za ta riƙe. Ki gaida maigidan.