Ku Tambaya Mu Amsa: Yaron shagona ya gudu da kuɗi, fasto ya ce in karanta Filimon

Tambaya: Baba barka da aiki. Ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Monday ta Kakuri a Kaduna, yaron da na riƙe tun yana JSS ya kwashe min kuɗin POS ya gudu bara. Yanzu ya dawo wai ya tuba har yana shiga ƙungiyar mawaƙa a cocinmu, fastonmu kuma ya ce in je in karanta wasiƙar Filimon a Littafi Mai Tsarki in mayar da shi shago. Na karanta amma gaskiya zuciyata ta ƙi. Zunubi nake yi? Daga wata 'yar'uwa a Sabon Tasha.

Amsa: Sannu 'yata, abin da ciwo, balle yaron da ya ci tuwon gidanki. Fasto bai yi kuskure ba da ya tura ki wurin Filimon, sai dai ina ganin rabin wasiƙar ya ba ki ya riƙe rabi a aljihu.

Wasiƙar nan ita ce mafi gajarta cikin na Manzo Bulus, sura 1 ce aya 25 kacal, ya rubuta ta yana kurkuku, masana da yawa sun ce a Roma wajen shekara ta 60 zuwa 62. Filimon mai hali ne a Kolosi, a ƙasar Turkiyya ta yau, a gidansa ma ikilisiya ke taruwa. Bawansa Unisimas ya gudu, ya haɗu da Bulus, ya ba da gaskiya, sai Bulus ya mayar da shi da takarda a hannu, kuma a dokar Romawa bawan da ya gudu ubangidansa na iya yi masa bulala ko ya ɗana masa ƙarfe mai zafi a goshi ba mai ce masa don me, kin ga ke nan komawar ba wasa ba ce.

To ga inda nake so ki duba da kyau. A aya 18 da 19 Bulus ya ce in yaron ya cuce ka ko kana bin sa wani abu, ka ɗora a kaina, ni zan biya, har ya ce da hannunsa ya rubuta wannan. Bai ce a manta da kuɗin ba. Ya tsaya wa yaron, ya sa aljihunsa a ciki, alhali yana ɗaure. Mu kuwa yau abu kaɗan sai "ki yi haƙuri ki bar wa Allah", mai faɗa ya kaɗe rigarsa ya tafi gida, ke aka bari da bashin dila. Don haka ba rashin kunya ba ne ki koma wurin fasto da ladabi ki ce Baba na karanta, wa zai zama Bulus a maganar nan? Ko dattawan coci, ko zumuntar mata, ko kawun yaron, wani ya sa hannu a takarda cewa za a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata.

Sannan a aya 14 Bulus ya ce ba ya son alherin Filimon ya zama na dole, sai da yardar ransa. Yana da ikon ba da umarni amma roƙo ya yi. Ko da yake, tsakani da Allah, dattijon ya iya matsa lamba cikin dabara, ya sa sunan 'yar'uwa Afiya da abokin aikinsa Arkibus da duk ikilisiya a gaisuwa don kowa ya ji, a ƙarshe kuma ya ce a shirya masa masauki yana tafe!

Amma ke ma wasiƙar ba ta ƙyale ki ba. Aya 16 ta ce a karɓe shi kamar ɗan'uwa ƙaunatacce, ba bawa ba. Wato ba kya kau da kai in ya gaishe ki ranar Lahadi, ba kya bin layin kasuwa kina nuna shi ɓarawo ne. Kuma ki tambayi kanki, shekarun da ya yi miki akwai albashi tsayayye ko alkawarin sallama, ko dai abinci ne da kayan Kirsimeti kawai? Ba ina wanke sata ba ne, amma yaran shago da yawa a garin nan haka ake riƙe su har gemu ya fito ba su san ranar da za a sallame su ba.

Jinkirin da zuciyarki ke yi ba zunubi ba ne, ƙiyayya ce zunubi in kika bar ta ta zauna. Gafara kam wajibi ce a kanki, makullin durowa kuwa sai a hankali. In kin mayar da shi ya fara da sauke kaya da kai wa kwastoma saƙo, POS da lambar sirri su zauna a hannunki, alat ya riƙa shigowa wayarki. Ku zauna ku uku da fasto a rubuta nawa ya ɗauka, nawa zai riƙa biya, nawa ke kuma za ki riƙa ba shi a wata, kowa ya riƙe kwafinsa.