Likita na amsa: sandar tafiya, tsayinta da hannun da za a riƙe ta

Likita, shekaruna 63, gwiwata ta dama na damuna. Yara sun sayo mini kwagiri, amma kunyar riƙe shi nake, kar a ce tsufa ya ci ƙarfina. (Wata Hajiya, unguwar Birni, Zinder)

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah ki ajiye kunyar nan. Liman na huɗuba da sanda, makiyayi na yini da tasa a kafaɗa, ba wanda ya ce sun gaza. Ni abin da nake jiye miki shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne abin ya fi ritsawa da su. Na sha ganin dattijuwa mai kuzari ta zame a makewayi, ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya. Ga ki kuma a Birni, inda lungu ke hawa da gangara tsakanin duwatsu.

Tunda dama ce ke ciwo, ki riƙe kwagirin a hannun hagu. Nan ne kusan kowa ke kuskure. Kwagiri da ƙafar mai ciwo su taka gaba tare, sannan lafiyayyar ta biyo. Haka nauyi ke raguwa a gwiwar. Wajen tsayi kuwa, ki miƙe da takalminki, ki saki hannuwa: mariƙin ya tsaya daidai wuyan hannunki. In ya zarce, kafinta ya rage shi. In ya gaza, zai sa ki rankwafa, bayanki ya ɗauki sabon ciwo. Hawan matakala ki fara da lafiyayyar ƙafa, sauka ki fara da mai ciwo.

Na ga Turawa a Facebook suna tafiya da sanduna biyu. Ni tela ne, yini nake a kan keke, bayana ya fara lanƙwashewa. Za su yi mini amfani? (Wani tela, kusa da kasuwar Dole)

Za su yi, Malam. Daga ƙasar Finland abin ya samo asali, wurin masu wasan sulu a kan ƙanƙara da ke atisaye da sanduna idan ƙanƙarar ta narke. Tura sanda baya na sa kafaɗa da ƙirji su buɗe, hannuwa su yi aiki, ba ƙafa kaɗai ba. Ba sai ka jira na shago ba. Gora biyu marasa nauyi sun isa. Don sanin tsayin sandar, ka ninka tsayinka da 0.68: mai santimita 170 zai nemi sanda mai wajen santimita 115. Hannun dama ya tafi da ƙafar hagu. Ka fara da minti 10 bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, har ka kai minti 150 a mako. Sai dai sanda ba za ta biya bashin zaman yini ba, ka riƙa tashi daga keken kana miƙe jiki.

Babana na da ciwon suga, yana yawan tuntuɓe a hanyar masallaci da asuba. Sanda ta isa? (Wani matashi, Mirriya)

Ba ta isa ita kaɗai ba, ɗana. Abu uku ke tsayar da mutum daidai: ido, cikin kunne, da jin ƙasa a tafin ƙafa. Suga kan kashe jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, duhun asuba kuma ya ɗauke ido, sai Baba ya rage da abu ɗaya. Sanda na taimakawa domin hannu na jin ƙasa ta cikinta. Ka sa mata roba a gindi saboda santsin siminti, ka saya masa tocila da takalmi rufaffe maimakon silifa. Amma cikin makon nan ka kai shi asibiti a auna suga da hawan jini, a duba idonsa. Kai kuma kullum da dare ka haska tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin ƙaya na iya shiga bai ji ba.